Kwanon da Na Maida wa Tsahara

Da sunan Allah mai ciyar da kowa. Daga Tasawa, daga hannun innarki, zuwa ga autata Zuwaira a Mairairai.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar uwa, ina gaida mijinki Mushe da aikin koyarwa, ina gaida ɗan mai gidana Habu da ƙawata Nana. Yaya baƙunta, yaya gajiyar hanya? Allah ya sa kun sauka da ƙafar dama, ya tsare ku daga sharrin baƙon ruwa da baƙon wuri, ya haɗa ku da mutanen kirki. Ni ƙalau nake, in ban da gwiwa da kika sani da kuma shirun gida.

Ba labarin gari na zauna rubuta maki ba. Shekaranjiya da kika kira ni a talho kin faɗi wata magana da ta hana ni sukuni. Kin ce matar ɗan kasuwar da ke bayan katangarku, tun ranar da kuka sauka take aiko maki da kwano kowace magariba, yau shinkafa da miyar nama, gobe makaroni, ke kuwa tukunyarki daga kuka sai kuɓewa, albashin Mushe kuma sai ranar da Allah ya yi. Kin ce kunya ta ishe ki, kina so ki ce mata ta bari. Na buɗe baki ke nan in ba ki amsa, rezo ya ɗauke, layi ya yanke. Na yi ta alo, alo kamar mahaukaciya, har kaji suka tsaya kallona. Daga baya na ga gara da ya ɗauke, don wannan ba maganar talho ba ce. Shi ya sa na ɗauko bik da takarda, da hannun nan nawa na yaƙi da jahilci mai tafiya kamar an sako tururuwa. Ki yi haƙuri da rubutun, amma don Allah kada ki ce wa matar nan komai sai kin karanta takardar nan har ƙarshe.

Bari in fara da tukunya, tunda ita ce ta jawo kunyar. Rashin iya jan abinci har ƙarshen wata ba laifinki ba ne, nawa ne. Na riƙe ki riƙon auta. Ko bayan aurenki, da ake ta yawo da Mushe daga wannan lakwal, wato makaranta, zuwa waccan, ke da yara kuna nan wurina; ke ce surfe, ke ce wanke-wanke, amma awo ban taɓa sakar maki ba. Yanzu ga ki da murhu naki na kanki, ga baki huɗu, ga kuma albashin ɗan kwantiragi.

Ni da aka kawo ni Tasawa daga Kona, hannun ƴar manoma na zo da shi. A gidanmu rumbu ake hawa a jefo dami, ba wanda ke tambayar tiya. Babanku kuwa, Allah ya jiƙan shi, planto ne, wato ɗan aike, a biro na gwamnati, hatsinmu daga kasuwa yake zuwa. In wata ya yi ya kawo buhu, sai in ga kamar ba ya ƙarewa. In tuƙa tuwo kamar na gidan suna, in yi fura, in yi dambu, in kira mai wucewa. Kafin wata ya raba sai in ji ƙwarya tana kartar gindin buhu. Akwai maraicen da na dama kunu tsararo, ko tsamiya babu, na ce wa yayyenki wai tuwon dare yana sa mugun mafarki. Babban ya dube ni ya ce, "Inna, to jiya da muka ci ai ban yi ba." Babanku ya sha nasa, ya suɗe ludayi, ya tafi masallaci. Da ma ya yi faɗa, da ya fi mani sauƙi.

To ki samu ƙoƙo ɗaya, shi ne awonki, kada ki canza shi ko baƙi sun zo. Ruwan miya ake ƙarawa, ba gari ba. Kuma ki auna na dare tun da safe, bayan kin sha fura cikinki ya natsu. Mai jin yunwa bai iya awo, idonsa ne ke ɗiba. Yanzu kaka ce, kuma ke kina cikin manoma. Duk abin da ya shigo hannun Mushe, kafin ya narke, a sayi hatsi da wake a ajiye. Waken ki shanya shi ya bushe ƙamas, ki ɗura a bido, wato jarka, mai tsabta, ki cika shi har wuya, ki toshe bakin sosai, ƙwaro ba zai samu numfashi ba. Kuɓewa tana arha yanzu, ki yanka ki shanya a inuwa mai iska. Haka yakuwa, haka tafasa, haka ganyen wake. Yau kina ganinsu kamar ciyawa, in bazara ta yi za ki ga mata suna ciniki a kansu kamar za su yi dambe.

Sai maganar mai. Da, ni a tunanina daɗin miya mai ne. In na samu man gujiya sai in kwarara tun wajen suya, ya ƙone, ya bi hayaƙi, kwalba ta ƙare, miyar kuma ba ta fi ta kowa ba. Sai da kakarki ta zo mana kwana biyu daga Kona ta tsaya a kaina tana kallo. Ta ce, "Rabi, wannan miya kike ko fitila za ki kunna?" Ta karɓe maburgin. A ranar na koyi abin da ya kamata in koya tun ina budurwa. Ki daka daddawar batso da gabu, busasshen ganyen albasar nan, da barkono tonka da ɗan citta su yi laushi, ki zuba a ruwa, ki bar su su yi ta dahuwa har warin daddawar ya daina cizon hanci ya koma ƙamshi. Nan mata ke gaggawa, nan miya ke mutuwa. In kina da wake, ɓarza cikin tafin hannu ki jefa tun farko, zai narke ya ba miyar jiki, har mutum ya rantse an sa wani abu. In akwai fara ko kan busasshen kifi, daka ki zuba. Sai ki rage wuta ki kaɗa kuka kaɗan kaɗan, hannunki kada ya tsaya. Man kuwa, sai kin zuba miya a kan tuwo sannan ki ɗiga shi a sama, inda ido zai gani hanci ya ji. Cokali ɗaya a nan ya fi ludayi a gindin tukunya.

Itace ma abinci ne, ki riƙe wannan. Na sha ƙona itacen kwana da kwanaki a kan wake ɗaya, saboda ban jiƙa shi ba. Ki jiƙa tun hantsi, ki sa kanwa kaɗan, ki rufe tukunya, ki juya wa iska baya. Kara ya ishi talge, itacen kirki ki bar shi wa tuƙi da sulala. Ɗan gaz ɗin nan da Mushe ke alfahari da shi, a bar shi wa shayinsa da kunun yara na safe. Kuma kada in ji kin ba kaji ƙanzo. Kankare shi ki shanya, ki tara a ƙwarya. Ranar da gari ya yi zafi ki jiƙa, ki kwaɗa da ƙuli-ƙuli da albasa, wallahi har Habu sai ya nemi ƙari. Hatsin nan ɗaya ne, amma ki riƙa canza masa riga: yau tuwo, gobe dambu da zogala, jibi ɗan wake. Yaro bai san babu ba, abin da ya sani shi ne kullum kuka, kullum kuka. Ki kuma yi ƙoƙari a ci kafin barci ya kwashe su, don na sha kwashe tuwo in tarar ƙananan sun ɓingire a tabarma da cikinsu wayam.

Akwai wata wauta da na daɗe ina yi, ita ce ƙanwar wadda zan ba ki labari. A unguwarmu, kin sani, maza a ƙofar gida suke cin tuwon dare, kowa a fito masa da kwanonsa a haɗa. To ni duk wani mai, duk wani ɗan abin daɗi, kwanon babanku nake jibga wa, don kada a buɗe a gaban mutane a ce matar planto ba ta iya ba. Yayyenki su ci miya fara fat. Ran nan ya shigo neman buta, ya tarar da su sun kewaye akushi. Ya duba nasu, ya duba wanda na rufe masa. Bai ɗaga murya ba. Ya ɗauki nasa ya juye a nasu, ya miƙo mani kwanon, ya ce, "Zuba mani irin tasu. Ni ba baƙo ba ne a gidan nan." Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ke dai ki raba daidai, Zuwaira. Idon mutanen waje ba ya ƙoshi, cikin yaranki kuwa yana ƙoshi.

Na ce na ji kunya, amma ban warke ba. Ga dalili.

Kin san Tsahara, maƙwabciyarmu ta bayan katangar gabas. Kin tashi kin ga muna gaisawa, ina kwana, lafiya lau, in suna ya kama a je, in rasuwa ce a je. Kin taɓa tambayata kina ƙarama, mi ya sa duk gidajen layin nan ana ciyayya, ban da mu da su. Na ce maki ki rufe mani baki. To yau zan gaya maki.

Lokacin da nake amarya ba ni da kowa a Tasawa sai ita. Ita ta nuna mani rijiyar da ruwanta bai da gishiri, ita ta nuna mani mai niƙan da ba ya satar gari. A tsakiyar katangarmu akwai wurin da ya zube, daidai ƙirjin mutum. Ta nan muke hira, ta nan muke miƙa garwashi, ta nan kuma kwano ke wucewa kowace magariba, nawa ya je, nata ya zo. Mijinta a mahauta yake aiki. Saboda haka kwanon Tsahara kullum da ƙamshin nama, ga ƙashi, ga kitse yana yawo a sama, amma tuwon ɗan mitsitsi, malmala kamar ta yaye. Ni kuwa da hannuna na ƴar Kona, malmalar da nake kifa mata sai murfi ya ƙi rufuwa. A raina ina cewa, ka ji cin masu hali, nama da yawa tuwo kaɗan.

Sai aka shiga shekarun nan da albashi ya tsaya cik, wata ya bi wata ba labari. Hatsi dai ba mu rasa ba, don kawunnanki suna turo mana daga Kona. Abin miya ne ya gagara. Na kai ga kaɗa lalo da gishiri kawai, ko daddawa babu. In na zuba a kwanon Tsahara sai in tsaya ina kallonsa, kore shar, tsararo, in tuna abin da zai zo daga wancan gefe. Zuciya ta fara raya mani abubuwa. Ta ce ana buɗe kwanonki ana dariya. Ta ce sadaka ake ba ki, ba ciyayya ba. Sai na fara laɓewa. In na ji motsinta a bakin katanga in shige ɗaki kamar ina salla, ta ajiye a kan katangar ta tafi. Nawa ya daina zuwa, nata bai fasa ba.

Ran nan ta ritsa ni a tsakar gida ina tankaɗe. Ta leƙo, ta ɗora kwanon, ta ce, "Rabi, karɓi da zafinsa. Ke kwana biyu lafiya? Ko hatsin ne ya yanke?"

Wannan tambaya ita ta ƙona ni. Na tashi da gari a hannu, ko murfin ban ɗaga ba, na tura mata kwanon ta inda ya fito. Na ce, "Tsahara, ki bar wahalar da kanki. Mun ƙoshi."

Ta dube ni, ta dubi kwanon. Ta ce, "Kun ƙoshi kika ce?"

Na ce, "Mun ƙoshi."

Ta ce, "To, Allah ya ƙara ƙoshi." Ta ɗauke abinta.

Ke ƴar zamani ce, wataƙila ba ki san nauyin abin da na yi ba. A maida wa mutum abinci a rufe, ba a ko taɓa ba, daidai yake da a ce masa ana ƙyamar hannunsa, ko ana zargin ya sa wani abu a ciki. Ni na sani sarai, kuma na yi. Da aka zo yaɓe bayan damina, ni da bakina na ce wa magini ya cike wurin nan, ya ɗaga katangar. Babanku ya tambaye ni dalili, na ce awakinsu ne ke tsallakowa. Ya ce, "Awaki, ko?"

Na zauna da abuna ina ganin na tsare mutuncina. Albashi ya dawo, miyata ta yi mai, aka haife ki, gida ya cika, ban ji giɓin komai ba. Sai ranar zaman makokin babanku. Baraka, babbar ɗiyar Tsahara, wadda ke aure a Maraɗi, ta zo gaisuwa, ta tsuguna tana taya mu wanke kwanoni. Cikin hira, ba da nufin komai ba, har tana murmushi, ta ce, "Inna Rabi, ni har yau ban ci tuwo mai daɗin naki ba. Kin san shi innarmu ke raba mana biyu, mu ci rabi da dare, ta ɗumama mana rabi mu tafi lakwal? Da kwanon ya daina zuwa mun daɗe muna tafiya haka nan."

Na ce, "Haka nan kamar yaya? Gidan nama?"

Ta yi dariya ta ce, "Wane nama, Inna? Baba ai aikin wasu yake. Da ƙashi da kitse da ƴan hanji ake sallamarsa. Ƙamshi ne da mu, hatsi ne babu."

Zuwaira, kwanon da ke hannuna sai da ya suɓuce. Ashe ƴar malmalar nan da nake ce wa cin masu hali, iyakar abin da ta iya cirewa ke nan daga bakin ƴaƴanta. Ashe tambayar da ta yi mani, ko hatsin ne ya yanke, tsoro ne ya sa ta yi, ba gori ba. Ni ina wannan gefe ina jin kunyar miyata, ita tana wancan gefe tana jiran tuwona. Ko sau ɗaya ban tsaya na duba kwanonta da idon basira ba, nawa kawai nake kallo. Rashin sani ya fi dare duhu, amma nawa rashin sanin girman kai ne ya haife shi.

Za ki ce to daga ranar sai na je na ba ta haƙuri. Ina fa! Na ce sai na fita takaba. Na fita, na ce sai bayan salla. Mijinta ya rasu, na je na yi gaisuwa, na zauna kusa da ita, maganar ta zo nan wuyana ta koma. Ga ku a gida, ga hayaniyar Habu da Nana, kullum da abin da zai ɗauke mani hankali. Tsohuwar kunya ta fi sabuwa nauyi, ki tambaye ni.

Sai ga shi motar kasuwa ta kwashe ku. Ranar da kuka tafi na share tsakar gida har inda ba ya buƙatar shara. Na tsinci takalmin Nana ƙafa ɗaya a bayan randa, na ajiye a kan taga, yana nan. La'asar ta yi, jiki ya tashi da kansa ya hura wuta. Sai da na kwashe na ga abin da na yi: na auna na mu duka. Malmala ga ta nan jere a ƙwarya, ni kaɗai a tabarma. Ba mai cewa miya ta yi yaji, ba mai tsoma hannun hagu in buge. Ban taɓa sanin cewa ƙarar taunar mutum tana damunsa ba sai ranar. Kashegari na rage awo, ya yi yawa. Na sake ragewa, ya yi yawa. Hannun nan bai san na mutum ɗaya ba, kuma a tsufan nan ba na jin zai koya. Kewa ta ishe ni, ɗiyata, ba zan ɓoye maki ba. Yayyenki suna kira daga inda suke, Allah ya yi masu albarka, amma ba a cin tuwo da talho.

Ranar da rezo ya yanke mana magana, na zauna da abin da kika faɗa. Na ce yau ga ɗiyata za ta taka inda na taka, ni kuwa da wane baki zan hana ta? Da magariba ta kawo jiki na zuba tuwo, malmala irin ta da, na kaɗa kuka da daddawar batso, na ɗiga mai, na rufe. Ba yaron aike, ba giɓi a katanga. Na saka mayafi na zagaya ta ƙofa da ƙafata. Na tarar da ita zaune a bakin ɗaki tana jan tasbaha, ita ma ita kaɗai, gidan kamar an yi shara da mutane. Na yi sallama, na ajiye kwanon a gabanta. Duk maganar da na tsara a hanya ta gudu. Na ce, "Ga shi da zafinsa." Ta dubi kwanon, ta dube ni. Na juyo gida. Na kwana ina cewa in ta maido shi a rufe, ta yi daidai.

Jiya da magariba na ji ana jan ƙafa a zaure. Tsahara ce, da sanda a hannu ɗaya, kwanona a ɗayan, tana haki. Ta ce, "Katangar nan da kika sa aka ɗaga ita ta sa ni wannan zagaye, Allah ya isa tsakanina da magininki." Ta dangwarar da kwanon. "Abin da na samu ke nan. In maidowa za ki yi, maido yanzu ina tsaye, don ƙafar nan ba ta zuwa sau biyu."

Na buɗe. Tuwon dawa ne ɗan kaɗan, da miyar lalo, kore shar, ba mai, ba daddawa. Irin miyar nan sak da na ji kunyar aika mata. Ita ko a jikinta. Na ce, "Tsahara, ki yafe mani." Ta ce, "Ke dai matso da tabarma, ƙafata na ciwo." Muka zauna muka sa hannu a kwano ɗaya. Gishiri ya yi yawa, don idonta ya raunana, amma tun da kuka tafi ban ci abinci ya zauna mani ba sai jiya. Na suɗe kwanon tas. Ta ce, "Ashe dai yau ba ku ƙoshi ba." Muka yi dariya har ta koma mana kuka.

Kafin ta tafi ta gaya mani Baraka za ta zo ta ɗauke ta zuwa Maraɗi in sanyi ya shigo, ba za ta ƙara zama ita kaɗai ba. Na ce madalla, haka ya kamata, kuma har zuciyata na faɗa. Amma ki duba, Zuwaira. Mun yi shekaru katanga ɗaya ce tsakaninmu, na zubar da su saboda miyar lalo, abin da ya rage mani da ita bai wuce ɗan tsakanin nan da sanyi ba. Daga nan gabas shiru, gida shiru.

Saboda haka ga abin da nake roƙonki, ba umarni ba, roƙo. Ranar da takardar nan ta same ki, abin da ke cikin tukunyarki shi za ki zuba wa matar nan. Kada ki ci bashi don ki yi irin nata, kada ki taɓa abincin gobe, kada ki tsaya jiran albashi. In kuka ce, kuka. Ki dai dafa daddawar ta nuna, ki mulmula tuwon ya yi kyau, ki wanke kwano, ki kai da zafinsa. Karon farko ki kai da kanki, ki zauna ko kaɗan ne. In nata ya zo ki buɗe a gabanta ki yi bismilla. Ba ki san abin da ke bayan katangarta ba. Wataƙila makaronin ya gundure ta, tana marmarin tuwo irin na gidansu. Wataƙila mijin kullum yana hanya, ita kaɗai take ci kamar ni. Wataƙila kuma ba komai, mutuniyar kirki ce kawai ta ga baƙuwa. Ko wanne ne, ke ce mai buƙatarta: kina garin da ba uwa ba uba, ranar da zazzaɓi ya kwantar da ke Mushe yana lakwal, wadda ke miƙo kwano ita za ta leƙo ta ga ba hayaƙi a gidanki. In nauyin kullum ya fi ƙarfinki, ki gaya mata gaskiya, ki ce ƴar'uwa, yau tukunyata ba ta kai ba. Wannan ba abin kunya ba ne. Kalma ɗaya ce na hana ki, kada ki ce mata kun ƙoshi.

Direban da zai kawo maki takardar nan zai ba ki ƙullin kaya. Akwai kuka da na tankaɗe da kaina, da gabu, da daddawar batso, da ƙuli-ƙuli na su Habu. Busasshiyar kuɓewar da ke cikin baƙar leda ta Tsahara ce, ta ce a ba ki, ta ce kuma a gaya maki ta fi tawa yauƙi, ƙarya take. Kwanon da ke ƙasa mai murfi, wanda bakinsa ya ɗan lotsa, shi ne nake aika mata da shi a da. Na samu wani na yi amfani da shi a nan. Takalmin Nana ban sa ba, ku zo ku ɗauka.

Allah ya sa albarka a tukunyarki, kaɗan ta ishe ku, mai yawa kada ta ruɗe ku. Allah ya buɗa wa Mushe, ya raya Habu da Nana, ya tsare ku a gida da hanya, da rana da damina. Allah ya ba ki maƙwabtan da za su rufa maki asiri, ya ba ki zuciyar da za ta bari a rufa mata. Ya jiƙan babanku, ya sa in mun zo tafiya mu cika da imani. Ki gaida matar nan, ki ce innarki ta Tasawa ta gode.

Zan tsaya nan, inuwa ta kai bakin randa, lokacin ɗora tukunya ya yi. Yau na mutum biyu zan auna.

Wassalam.

Innarki, Rabi.